Daga nazarin zamantakewa zuwa aikin alƙaluma

Ƙanena, ka tambaye ni ko mai digirin nazarin zamantakewa zai iya cin abinci da aikin alƙaluma a nan Saudiyya, alhali bai karanta kimiyyar kwamfuta ba. Zai iya. An koya maka tsara tambayoyin bincike da zaɓen waɗanda za a tambaya, ka san yadda ake haifar lamba tun daga bakin mai amsawa. Wannan shi ne jarinka. Sanin kayan aiki ne ya rage maka.

Fara da Excel har PivotTable (mai taƙaita bayanai) da XLOOKUP (mai nemo bayani a cikin tebur) su zauna maka a hannu. Sai SQL, harshen zaƙulo bayanai daga rumbunsu: SELECT, WHERE, GROUP BY, da JOIN mai haɗa tebur biyu. Awa ɗaya kullum bayan Isha, wata uku, za ka tsaya da ƙafarka. Power BI, manhajar nuna alƙaluma a zane, ya biyo baya. Python, harshen rubuta manhaja, ta jira tukuna, kada tallan kwasa-kwasai ya ruɗe ka.

Yawancin wahalar tana wajen tsabtace bayanai, kuma ƙasar nan tana da tarkonta. Fayil ɗaya zai zo maka da wasu ranaku na Hijira, wasu na Miladiyya. Kada ka ce za ka ƙara 579 a kan shekarar Hijira 1445 ka sami ta Miladiyya ka huta, domin shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. Juya kowace rana da kalandar Ummul Ƙura, kalandar Hijira ta hukuma a Saudiyya. Sunaye ma haka: أحمد da احمد mutum ɗaya ne, amma kwamfuta biyu za ta ƙirga, haka فاطمة da فاطمه. Daidaita alif da ta'u kafin ka cire maimaici, ko kuma ka dogara da lambar shaida, mai lambobi 10, ta ɗan ƙasa ta fara da 1, ta mai iƙama da 2. Lambar waya ka ajiye ta a matsayin rubutu, in ba haka ba Excel zai haɗiye sifilin 05 da lambar ke farawa da shi. In fayil ɗin CSV (tebur da aka adana a matsayin rubutu zalla) ya buɗe Larabcinsa ya hargitse, rufe shi ba tare da ka adana ba, ka shigo da shi ta sashen Data na Excel ka zaɓi UTF-8, tsarin haruffan da ke karanta Larabci.

Duk sanda ka yi JOIN, ƙirga layuka kafin da bayan. In sun ƙaru, akwai lambar da ta maimaitu a ɗayan teburin, jimillarka ta kumbura ke nan. Duba kuma 99 ko 999 da ake sa wa wanda bai amsa ba, kada su shiga lissafin matsakaici.

Ga inda karatunka zai fito da kai. Ƙidayar 2022 ta GASTAT, hukumar ƙididdiga ta Saudiyya, ta sami mutum miliyan 32.2, kusan miliyan 13.4 baƙi ne, mafi yawansu maza masu shekarun aiki. Wanda ya haɗa ɗan ƙasa da baƙo ya fitar da matsakaici ɗaya, lissafinsa daidai ne amma maganarsa ba daidai ba ce. Sauko da waɗannan alƙaluman, ka ɗauki tambaya ɗaya tak, misali bambancin shekarun mazauna yankin Makka da na Riyad, ka amsa ta a shafi ɗaya da jadawali biyu, da Larabci da Turanci. Irin wannan guda uku sun fi tarin satifiket amfani a gaban mai ɗaukar aiki.

Sai dai ka kiyaye: dokar kare bayanan mutane ta fara aiki a Satumban 2023, SDAIA, hukumar kula da bayanai ta Saudiyya, ke sa ido a kanta. Bayanan wurin aikinka amana ce, kada ko layi ɗaya ya shiga aikin da za ka nuna wa wani.