Tsohon injin huda ƙarfe: me zan duba kafin in biya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai walda ne a Mabera, Sakkwato. An kawo mini tallan tsohon injin huda ƙarfe na tsaye, ɗan Ingila, ya sha sabon fenti. Tarin kuɗina ne na shekara guda, ina tsoron ya zame mini kayan gwangwan. Mai shi ya ce ba ya haɗawa da bayis (abin matse ƙarfen da ake hudawa), wai tunda injin a hankali yake juyawa, da hannu ma ana riƙe aiki. Me zan duba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsufa ba aibi ba ne ga waɗannan injuna. Irin na kamfanonin Ingila su Meddings da Fobco zubin ƙarfe ne mai nauyi, suna jure aiki. Fentin ne ban yarda da shi ba. Kankare shi a gindi da wuyan teburi, ka nemi tsagewa ko tabon walda. In ka gani, ka haƙura.

Sai ka karanta farantin da ke jikin motar lantarkin da ke juya injin. Wutarmu volt 230 ce a layi ɗaya. In an rubuta 415, na layi uku ne, ba zai tashi a shagonka ba sai da ƙarin kashe kuɗi. Sannan ka sauke sandar da ke hawa da sauka har ƙasa, ka girgiza ta gefe da gefe. In tana ƙwas-ƙwas, ramukanka ba za su taɓa fita daidai ba, kuma gyaran yana da wuya. Ɗaura miƙaƙƙen ƙarfe a bakin sandar, inda ake ɗaura bit (ƙarfen hudar), ka juya da hannu, ka ga ko yana rawa. Kukan boris da tsohon bel ba abin damuwa ba ne, ana canzawa.

Amma maganar riƙe aiki da hannu ita ce ta tayar mini da hankali, domin kullum sai na ji ta. Wa ya ce juyawa a hankali rashin ƙarfi ne? Idan ka mayar da bel kan ƙaramin gudu, ƙarfin murɗawa ƙaruwa yake yi. Kuma bit ya fi kamawa daidai lokacin da zai ɓulla ta ƙasan ƙarfe, lokacin da mutum ya saki jiki. Nan take falankin ƙarfen da ke hannunka ya koma wuƙa mai zagayawa, kafin ka kai ga makunni ya riga ya yi zagaye da yawa. Na taɓa kai wani yaron shago asibiti, ƙaramin falanki da bai kai tafin hannu ba ya tsarge masa babban yatsa har ƙashi. Ubangidansa ma cewa yake ai shekara da shekaru haka suke yi.

Wasu kuma su ce a sa safar hannu. Wannan ya fi muni! Inji ya kama safa, hannun zai ja gaba ɗaya. Haka hannun kaftani mai faɗi. Ku ji tsoron Allah, iyayen gida, 'ya'yan mutane amana ne a hannunku.

Don haka ka sa bayis cikin ciniki, ka ɗaure shi da noti a ramukan teburi. In mai shi ya ƙi, a rage maka kuɗinsa ka saya daban. Tsofaffin wayoyin ma ka sa mai gyaran wuta ya canza, ya haɗa da wayar ƙasa, kafin yaronka ya taɓa injin.