Rufe Fuska Don Iska, Da Tsoron Ciwon Jijiyar Fuska

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce tun da kika karanta labarin ciwon jijiyar fuska, wanda ake kwatanta zafinsa da jan wutar lantarki, hankalinki bai ƙara kwanciya ba. Kina tambaya ko abin da manya suka saba yi, wato rufe fuska idan iska mai sanyi na kaɗawa da gudun wanke ta da ruwan sanyi, yana kare mutum daga kamuwa. Kin ce har kin daina kwana kusa da fanka, kuma ko fatar idonki ce ta yi rawa sai gabanki ya faɗi.

Iska ba ta haddasa wannan ciwo. Tana tayar da shi ne ga wanda ya riga ya kamu. Manya sun ga mai ciwon yana dafe kunci da zarar sanyi ya buge shi, ya rufe fuska ya sami sauƙi, sai suka ɗauka sanyin ne tushe. Abin da suka gani gaskiya ne, fassarar ce ta kauce. Rufe fuska yana da amfaninsa ga bushewar fata da tsagewar leɓe, amma ba rigakafin ciwon jijiya ba ne.

Jijiyar da ake magana a kanta ita ce ta 5 cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa bibbiyu daga ƙwaƙwalwa, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Likitoci na kiranta tirajeminal, domin ta rabu gida 3: reshen goshi da ido, reshen kunci da muƙamuƙin sama, sai reshen muƙamuƙin ƙasa. Ita ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin taɓawa da zafi da sanyi daga fuska. Tana da rufi kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Mafi yawan lokuta wata jijiyar jini ce can cikin kai take danne ta daidai inda ta fito, bugun jinin yana goge rufin a hankali shekara da shekaru, har 'yar taɓawa ta koma zafi mai tsanani. Wasu kaɗan kuma ƙari ne ya danne ta, ko wata cutar da ke cin rufin jijiyoyi. Duba da kyau, duk wannan a cikin ƙoƙon kai yake faruwa, inda mayafi ba ya kaiwa.

Kuma ciwon ba ya ɓuya. Yana zuwa farat ɗaya a gefe guda na fuska, daga ƙasa da daƙiƙa ɗaya zuwa minti 2, ya ɗauke. Abu mara ƙarfi ke kunna shi: goge baki, tauna, magana, shafa mai. Mai shi ba ya zama yana tantamar ko ya ji wani abu, cak yake tsayawa. Ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50, mata sun ɗan fi maza, kuma adadin da aka fi ambata shi ne mutum 4 zuwa 13 cikin 100,000 a shekara. Rawar fatar idon da ke firgita ki ma ba aikin wannan jijiya ba ne. Tsokar da ke rufe fatar ido jijiya ta 7 ce ke motsa ta, kuma ƙarancin barci da gajiya da damuwa ne suka fi jawo rawar.

Abin da ya fi damuna shi ne halin da kike ciki yanzu. Mai fargaba yakan cije haƙora bai sani ba, musamman cikin barci, sai tsokar muƙamuƙi ta gaji, a tashi da nauyi gaban kunne ko a kunci. Sai ki kai yatsa ki danna ki ji ko da zafi. Wurin da aka danna sau 20 a yini dole ya yi tsami. Tsamin ya zama hujja, ki koma intanet, ki ci karo da labarin waɗanda ciwon ya fi galabaitarwa, domin wanda magani ya yi wa aiki ba kasafai yake zama ya rubuta ba. Ki ɗan sami natsuwa na awa guda idan wani ya ce lafiyarki lau, sannan tambayar ta dawo da ƙarfinta. Ita wannan fargabar rashin lafiya ce mai zaman kanta, kuma tana jin magani.

Ga abin da nake so ki yi. Ki je wurin likitan haƙori sau ɗaya, domin ramin haƙori da kumburin dasashi su ne kan gaba wajen kawo ciwon fuska. Kada ki yarda a cire haƙorin da ba a ga aibinsa ba. Ki cire hannu daga fuskarki. Idan sha'awar bincike a waya ta taso, ki jinkirta minti 30, gobe ki mai da shi awa guda. Da rana ki riƙa lura da bakinki: leɓɓa a haɗe, haƙoran sama da na ƙasa ba su taɓa juna ba, haka muƙamuƙi ke hutawa. Sannan ki koma wanke fuska da ruwan da kika saba, ki kunna fankarki. Kwanakin farko gabanki zai faɗi, ki bar shi ya faɗi, zai lafa da kansa. Idan makonni suka shuɗe tsoron na hana ki barci ko aiki, ki gaya wa likita ƙarara cewa fargabar ce ta kawo ki. Akwai jinyar tattaunawa da ƙwararru kan tunani da ɗabi'a da aka tsara don irin wannan, kuma ba abin kunya ba ne.

Ko da an ƙaddara ciwon ga mutum, ba a rasa abin yi ba. Farasitamol ba ya taɓuka masa komai, amma kabamazefin, wanda asalinsa maganin farfaɗiya ne, yana kwantar da shi ga mafi yawan masu shi. Likita kan fara da miligiram 100 sau ɗaya ko sau 2 a rana, ya riƙa ƙarawa a hankali, yana duba jini, domin maganin na iya kawo jiri da rage gishirin jini, wani lokaci har da ƙuraje masu haɗari. Shi ya sa ba a sayensa a sha da ka. Akan ɗauki hoton cikin kai da ake kira MRI a ga abin da ya danne jijiyar, idan magani ya gaza a yi tiyata a ɗaga jijiyar jinin a sa ɗan matashi tsakaninsu.

Alamomin da ba a jira da su daban ne: baki ya karkace, hannu ya mutu, magana ta harɗe, ko ƙuraje masu ruwa su feso a gefe guda na goshi kusa da ido. Waɗannan asibiti ake nufa a ranar, ukun farkon ma a cikin sa'ar. Ki gaida mamanki, kuma bayan kin ga likitan haƙorin ki sanar da ni abin da ya ce.

Gwaggonki.