Ga 'yar'uwar da aka nemi ita da maigida su riƙe iyali a tattakin amalanke

'Yar'uwa, kin ce bishop ɗinku a Yuta ya nemi ke da maigida ku zama Mama da Baba, wato masu kula da rukunin yara, a tattakin amalanke na matasan cocinmu na Mormon, wanda ake yi don tunawa da mabiyan cocin na da da suka ja amalanke a ƙafa zuwa Yuta, ga 'yarku mai shekara 15 ita ma za ta. Kina tambaya ko za a bar ku tare da ita, me za ku shirya, kuma ko ya dace ki sa doguwar riga da hular mutanen da ki ja amalanke alhali kakanninki ba su taɓa taka Amurka ba. Ni da maigidana mun yi a jihar Wayomin, kuma shawarata ku je.

Maganar yarinya tukuna, don na san ita ce ke cin ranki. A yawancin wurare ba a haɗa yaro da iyayensa. Za a ba ku 'ya'yan wasu, kamar takwas zuwa goma, maza da mata, taku kuma a kai ta wani amalanken. Kada ki nemi a sauya. Ɗanmu da ko kofi ba ya ɗaukewa a gida, na hango shi yana ɗaure wa wata ƙaramar yarinya igiyar takalmi ba wanda ya sa shi. Da yana kusa da ni, ni zai bar wa. Ke kuma hankalinki zai koma kan yaron da ba ya magana, da wadda ta ɓoye ƙafarta ta yi bororo don kunya. Nan aikin yake.

Batun kakanni kuwa, ki dubi su waye mutanen. Tsakanin 1856 da 1860 ayari goma, kusan mutum 3,000, suka ja amalanke zuwa birnin Salt Lake a Yuta. Akasarinsu talakawa ne baƙi daga Ingila da Denmak da maƙwabtanta, ba su da kuɗin sayen shanu da keken shanu, wasunsu ko Turanci ba sa ji. Daga Ayowa Siti tafiyar ta kai mil 1,300, kuma kayan babban mutum ba sa wuce fam 17, wato kilo 8 ba kaɗan. Ayarin Willie da na Martin sun makara wajen tashi a 1856, dusar ƙanƙara ta rutsa da su a Wayomin ranar 19 ga Oktoba, gari ya ƙare, fiye da mutum 200 suka mutu cikin kusan 1,000. Tun 5 ga Oktoba Brigham Young, shugaban cocin a lokacin, ya tsaya a babban taron coci ya ce a bar komai a je a ɗauko su. Wanda ya bar ƙasarsa da akwati biyu ya sauka inda bai san kowa ba, ba sai an yi masa dogon bayani a kan waɗannan mutane ba. A tattakin ana ba kowa sunan ɗaya daga cikinsu, wanda zai yi tafiyar don tunawa da shi. Ni na nemi izini na ɗauki sunan kakata, wadda ta riƙe addininta cikin wuya, kuma yaran sun saurari labarinta a bakin wuta ba wanda ya motsa.

Amalanken kamar kurar 'yan ga-ruwa yake, sai dai na katako ne, da manyan ƙafafu biyu da sandar ja a gaba. A gangare ya fi haɗari, domin yana iya kwacewa ya taka ƙafar yaro, don haka ku sa ƙarfafa su riƙe igiya ta baya. Kowa zai zuba kayansa a bokiti mai murfi, shi ne kuma kujerarsa da yamma. Waya ana barin ta a gida.

Ku fara tafiyar ƙasa tun da sauran watanni, da takalman da za ku je da su. Sabon takalmi haramun ne a wannan tafiya. Safa biyu, filasta, man kare rana, man leɓe, da rigar sanyi, domin Wayomin tudu ce, rana ta gasa ku da azahar, dare ya yi sanyi har haƙora su kaɗa. Ruwa kuwa, kada ki jira yaro ya ce yana jin ƙishi. Iskar can busasshiya ce, gumi na bushewa ba a ankara ba. Duk tsayawa ki tsaya a kansu sai kowa ya sha, wanda ya fara ciwon kai ko jiri ki kai shi wurin ma'aikatan lafiya nan take. In wani mai zafin kai ya kawo shawarar a rage abinci don yara su ɗanɗana yunwar mutanen da, ku ƙi. Waɗancan ba da son ransu suka ji yunwa ba.

Akwai inda ake janye maza gefe, mata kaɗai su haura da amalanke. Wasu suna cewa don tunawa da mazan da aka ɗauka soja ne, amma wancan ya faru a 1846, shekara goma kafin amalanke. Gaskiyar ta fi haka nauyi: maza da yawa sun mutu ko sun kwanta ciwo, matan suka ci gaba da ja da 'ya'ya a gefe. Ki gaya wa 'yan matanki haka kafin su kama sandar. Maigida kuma ki shirya shi, don tsayawa yana kallo hannu a naɗe ya fi wa nawa wuya a kan ja.

In za ku Martin's Cove, kwarin da ayarin Martin ya fake a ciki, ana shigarsa ne a ƙafa cikin shiru, ki bar yaran kada ki cika su da wa'azi. In hanyarku ta bi ta tudun Rocky Ridge zuwa Rock Creek, inda aka binne mutum 13 na ayarin Willie a kabari ɗaya, ita ce mafi tsanani, sai ku ƙara atisaye. Ki tambayi shugabannin tun yanzu wace hanya ce taku, mil nawa a rana, kuma wa ke riƙe da takardun lafiyar yaran da za a ba ki.