Waƙar da ta riga mai ita fita

Jiya muna rufe situdiyo ka ce da ni: "Maigida, waƙar da muka kwana uku a kanta ga ta na ji a wayar mai shayi, kuma ban ga wanda ya biya ko sisi ba. Kuɗin ta ina yake shigowa?" Na ce ka bari sai da safe. To, jawo kujera.

Lokacin da na shigo sana'ar nan, waƙa haja ce da ake riƙewa a hannu. A gama ta, a kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai, su buga kaset, daga baya faifan CD, a loda a kwalaye zuwa Kaduna da Jos har Maraɗi. Masu gurza na jabu suna nan tun wancan zamani, amma su ma sai sun sayi faifai, sun buga bango, sun biya kuɗin mota. Satar ma sai da jari. Da memori ya zo, Bluetooth ya biyo baya, sannan Xender, jarin ya zama ba a bukatarsa. Yau mai turawa a bakin kasuwa zai cika maka memori da waƙa ɗari kafin ka shanye ruwan leda, tasa kuma tana nan ba ta ragu ba.

Dokar haƙƙin mallaka kam akwai, har sabuwa Buhari ya sa wa hannu a 2023. Amma wa za ka kama? Mai shayin? Shi ma ƙaninsa ne ya tura masa.

Ka raba kuɗinmu da na mawaƙi. Mu aiki muke sayarwa: kiɗa, ɗaukar murya, tacewa. Shi ya sa waƙa ba ta barin kwamfutar nan sai an cika mini ragowar kuɗina, ko da mutum zai ce ba ni da kara. Na sha jin "gobe zan turo", goben ba ta taɓa zuwa ba.

Shi mawaƙi kuwa, wayar mai shayin nan kusan talla take masa. Ita ke jawo masa gayyatar biki, da kwangilar waƙar siyasa, da kiran masu fim. Sai YouTube, wanda kafin ya fara raba kuɗin talla da kai a dogon bidiyo sai ka tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara, sannan ya ba ka kashi 55 cikin ɗari. Tallar da aka kalla a Kano kuma ba ta kai wadda aka kalla a Ingila ko Amurka tsoka ba. Audiomack da Boomplay, da Spotify da ya shigo Najeriya a 2021, manhajojin sauraron waƙa, su ma suna biya, amma ɗigo-ɗigo. Duk wannan sai in shi ya fara ɗorawa a shafinsa. In wani ya riga shi, masu kallon can za su taru.

Marubuta na fi tausaya wa. Wata 'yar'uwata tana rubuta labari tana sayarwa a WhatsApp, mutum ɗaya ta biya ta kwafe ta watsa a wasu zaurukan. Ita ba mai gayyatarta biki ta karanta babi na uku.

Yanzu ga inda maganar ta shafe ka. Kafin ka zo na yi wani yaro mai hannu sosai a kiɗa. Muka yi wa wani ango waƙar biki, saura gyaran amshi, sai yaron ya tura wa abokinsa wai ya ji kawai. Saura kwana huɗu ɗaurin aure ango ya ji sunan amaryarsa yana tashi a cikin adaidaita-sahu. Ya zo nan ransa a ɓace, ya ce cikon kuɗi ba zai biya ba. Ban iya musa masa ba, domin daga ɗakin nan ta fita. Tun ranar na hana kowa jona waya a kwamfutar nan, har ɗan cikina.

Ka ajiye taka a kan shiryayye ka buɗe waƙar jiya. Muryar baiti na biyu ta danne kalangu, rage ta kaɗan mu ji.