Amsa ga ɗan'uwan da jama'arsa suke so ya tsaya takara

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya ko manomi zai iya amsa kiran jama'arsa ya nemi kujerar majalisar jiha ba tare da gonarsa ta mutu ba, kuma wallahi zuciyata ta sosu, domin irin wannan kiran ne ya raba ni da shanun huɗata da masarar da na ajiye don bazara.

Dattawan jam'iyya ne suka zo har zaurena suka ce talakawa ba sa son kowa sai ni. Na sayi fom, na ciyar da daliget, ciyawa ta cinye dawata saboda zaman taro, sannan ana gobe zaɓen fid da gwani wani jigo da ya sha furar gidana ba sau ɗaya ba ya kira ni gidansa da tsakar dare, ya ce an yi maslaha, in janye wa ɗan wani attajiri. Bai ko ɗaga kai ya dube ni ba. Washegari ya wuce ni a mota ina tsaye bakin sakatariya, kuma har yau idan muka haɗu wurin jana'iza shi yake fara miƙo hannu yana murmushi.

Duk da haka manomi yana kaiwa. A jihar Iowa ta Amurka an yi Jack Kibbie, manomi daga garin Emmetsburg, wanda ya shiga majalisar wakilan jihar a 1961, ya koma majalisar dattawanta a 1965, ya kuma ja gaba wajen dokar da ta kafa kwalejojin al'umma na jihar. Ya bar kujera a 1969, ya yi shekara 20 a waje kafin ya dawo a 1989, daga baya ya shugabanci majalisar har 2013. Sai dai su majalisarsu a Janairu take fara zama, lokacin da sanyi ya hana aikin gona, kuma alawus ɗin zamansu na kwana 100 ne ko 110, saboda haka galibi sukan tashi daf da shuka. Mu kuwa tsarin mulki zaman aƙalla kwana 181 a shekara ya wajabta wa majalisar jiha, kuma da wuya a cika su ba a ci damina ba.

Kada ka sayar da ko taƙi ɗaya na gonarka, domin noma yana cikin abin da doka ta yarje wa mai riƙe da muƙami. Ka damƙa ta ga ƙanen da ka yarda da shi a gaban shaidu, ka kuma shawarci uwargida, domin ita za ta san zafin rumbu idan ya yi ƙasa. Waɗanda suka zo kiranka kuwa, ka ce su fara haɗa kuɗin fom daga aljihunsu, ka ga mutum nawa za su dawo zaurenka.