IPL da fatarmu: amsoshin wannan mako

Tambaya: Saura mako uku bikina, ga baƙin tabon kuraje a kumatu. Wani gidan gyaran jiki a Wuse 2 sun ce zama ɗaya na IPL zai goge shi. In je? (Amarya daga Gwarinpa)

Allah ya sanya alheri, amarya, amma kada ki je. IPL aikin gyaran fata ne da na'ura mai harba haske, yakan ɗauki zama 3 zuwa 5, da tazarar mako 3 ko 4. Ko an dace, tabon sai ya ƙara duhu tukuna kafin ya saɓule cikin mako ɗaya ko biyu. In ba a dace ba kuwa, da ƙuna za ki fito ranar kamu. Kwantar da hankalinki: ki daina matsar kurajen, ki riƙa shafa man kariyar rana mai SPF 30 ko sama, mai kwalliya za ta rufe sauran. In an gama biki sai ki ga likitan fata.

Tambaya: Na daɗe ina shafa man ƙara haske, yanzu ni fara ce tas. Mai na'urar ta ce irin fatata ce ta fi dacewa. Haka ne? (Wata Hajiya daga Garki)

Hajiya, wannan magana kaɗai ta isa ki ɗauki jakarki ki fita. IPL ba leza ba ce, fitila ce mai walƙiya da ke fesa haske mai faɗi, mai tsawon zango daga wajen nanomita 500 zuwa 1200. Abu biyu hasken yake nema, melanin (sinadarin da ke ba fata launi) da jan jini, inda ya same su sai ya koma zafi. A fuskar Baturiya tabo ya fi kewayensa duhu, don haka shi kaɗai ke ɗaukar zafin. A tamu kuwa, na'urar ba ta bambance tabo da lafiyayyar fata, kamar yadda baƙar riga ke kwasar rana ta ko'ina. Ma'aunin Fitzpatrick na 1975 ya kasa fata gida 6, daga 1 mafi haske zuwa 6 mafi duhu. IPL ta fi dacewa da 1 zuwa 3, ana lallaɓa 4, mu kuma yawancinmu 5 ne ko 6.

Man ƙara haske bai sauya miki gida a ma'aunin nan ba. Ƙwayoyin da ke yin launin suna nan, da sun ji zafi sai su zubo shi ninkin ba ninkin. Ga shi da yawa daga cikin haɗe-haɗen da ake sayarwa a kwalabe marasa lambar NAFDAC akwai clobetasol a ciki, wani maganin shafawa mai ƙarfi, mai sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana. A harba walƙiya kan wannan fata, sai bororo, sai zane-zane masu kusurwa huɗu daidai da bakin na'urar, wani baƙi, wani fari. Baƙin yakan ɗauki watanni, farin kuma wani lokaci ya zauna ke nan. Abin takaici, mata na biyan kuɗi masu yawa don an sa esi da kujeru masu kyau, ba mai tambayar wa zai riƙe na'urar ko ina ya koya. Duk wurin da ba a gwada ɗan wuri a ƙasan muƙamuƙi an jira kwanaki ba, ba a ba ki tabarau na kariya ba, ba a tambaye ki ko kina da ciki ko kina shan magungunan kuraje irin isotretinoin da doxycycline ba, ba wurin kwanciya ba ne.

Tambaya: Na ga ƙaramar na'urar IPL ta gida a Instagram. Za ta yi min maganin kurajen aski? (Wani ma'aikaci daga Kubwa)

Malam, riƙe kuɗinka. Ta ƙwarai tana da ma'aunin launi, in ta ga baƙar fata ƙin harbawa take yi. Ta bogi ba ta da shi, ita ce za ta ƙona ka. Abin da ya dace da fatarmu shi ne leza Nd:YAG mai lamba 1064, a hannun likita. Kafin nan, bar reza, a riƙa rage maka gemu da kilifa.

Tambaya: Zama nawa zan yi in zama fara? (Daga Lugbe)

Ko ɗaya. Ba don haka aka ƙera ta ba.