Dalilin da ya sa ba ma fara aiki da famfon feshi da hunturu

Ɗana, jiya muna dawowa daga aikin feshin ƙwari a wajen Kura ka tambaye ni cewa, tunda sanyi ya shigo kuma sauro ya yi sauƙi, me ya sa nake sa ka zagaya bayan gida kana leƙa randa da kwatami, maimakon mu fesa ɗakuna mu kama gabanmu. Ƙurar hanya ta hana ni ba ka amsa a kan babur, ga ta yanzu a tsanake.

Hunturu ba ya ƙarar da sauro, rage shi kawai yake yi. Macen ce take cizo, kuma ba ta da inda za ta saka ƙwai sai a kwantaccen ruwa. Lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi kwana 7 zuwa 10 ba, sanyi kuwa yana jinkirta girman ne, ba ya hana shi. Da damina kowane sawun saniya tafki ne a wurin sauro, babu mai iya bin su duka. Amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu wuraren da ruwa ya rage sukan zama abin ƙirgawa da yatsun hannu: kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, kwatamin makewayi, kaskon ruwan kaji, tsohuwar taya da randar da ba ta da marfi. Mu kuma nan muna da ƙari, domin ruwan madatsar Tiga da ke bin magudanan noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure ba ya barin ƙasarmu ta bushe ƙarau. Saboda haka yanzu ne aikinmu ya fi ci, tunda mun san inda abokin gabar yake kwana.

Ka tuna randar da na haska maka da tocila, ka ga tsutsotsi suna wutsil-wutsil, inuwar hannuna na faɗawa a kansu suka nutse ƙasa? Waɗannan su ne sauron mako mai zuwa. Zubar da ruwan kaɗai bai wadatar ba, sai an dirje cikin randar da soso, domin akwai nau'in sauron da ke manna ƙwansa a jikin mazubi, kuma ƙwan yana jure bushewa na watanni. A yi haka kowane mako, a kuma rufe ta.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗakin kwana. Da sanyi mutane sukan rufe ƙofa da taga, su hura gawayi a kasko, su naɗe gidan sauro su ce bargo ya isa, alhali ɗumin nan shi sauro ke nema, ya laɓe bayan tufafin da ke kan igiya da ƙarƙashin gado. Ka riƙa roƙon masu gida, musamman inda akwai mai juna biyu ko ƙananan yara, kada su sauke gidan sauro. Fiya-fiya kuwa kada hannunka ya taɓa yayyafa shi a ɗaki, ko da mai gida ne ya miƙo maka kwalbar. Maganin gona ne, kuma a rufaffen ɗaki yana iya halaka mutum. Idan feshi ya zama dole, da safe za ka yi shi da maganin da aka yi domin gida, bayan an fitar da abinci da ruwan sha da yara, ka sa takunkumi, sannan a buɗe ɗakin ya sha iska sosai kafin dare.

Tururuwa da kiyashi nasu lissafin daban ne. An gama kaka, gero da dawa sun cika rumbu, waje kuma ya bushe, don haka abinci da laima suke biyowa cikin gida. Sababbin yaran aiki sukan ga jerin kiyashi a bango su fesa, su ga gawarwaki su yi murna, bayan kwana uku jerin ya dawo, domin uwar da ke saka ƙwai tana can cikin rami ba abin da ya same ta. Kai ka tsuguna ka bi jerin da ido har ka ga tsagar da suke fitowa. A nan za ka ajiye maganin da ake gauraya wa abin zaƙi, wanda ba ya kashewa nan take, su ɗauka su kai wa uwar da kansu, amma a inda yaro ko kaza ba za su kai ba. Idan zirga-zirgar ta tsaya, ka liƙe tsagar da siminti ko kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ka gaya wa uwar gida ta rufe gwangwanin sukari da kwalbar man gyaɗa, a share tsabar da ta zube a gindin rumbu, a zagaye shi da toka, a kuma sabunta ta idan iska ta kwashe.

Gobe idan Allah ya kai mu, kai za ka fara shiga gidan da za mu je. Ka bar famfon a kan babur, ka ɗauki tocila, ka zo ka faɗa mini wurare nawa ka samu ruwa a kwance.